Kada Inna ta ji zancen jirgi

Yaya Uwani,

Gaisuwa mai yawa daga Dakar. Ina ƙafar Inna, da sauƙi? An yi shuka a Tajaye?

Lafiyata lau. Kullum ina gaban kwamfuta, ina raba teku gida-gida, ina lissafin yadda ɗumin ruwa ke tafiya, don yana da hannu a daminarmu. To, lissafin ya ƙi fita daidai. Malamina ya ce sai na shiga jirgin ruwa na auno da kaina, ko karatun ya tsaya. Ba tsoro nake ji ba, abinci ne dai ba ya shiga.

Na yi wa Inna alkawarin ba zan kusanci ruwan ba. Kada ta ji sai na sauko. Ki roƙi liman ya sa ni a addu'a, amma kada ya kama suna.

Allah ya ba mu damina mai albarka.

Ƙanwarki,
Hamdiyya