Hannun Damar Bukar

Daren Laraba, Umarari

Alhamdu lillahi! Yau jikana Bukar ya kira ta bidiyo daga Amurka, ya ce ƙungiyarsu ta besbol, wasan ƙwallon da ake jefawa a buga da sanda, ta ɗaga shi zuwa sahun manya. Shi ne zai riƙa jefa musu ƙwallo. Yaron da ya koyi jifa wajen korar tsuntsaye a gonar shinkafa a Zabarmari! Na raba goro har ƙofar masallaci, kakarsa Hajja kuwa sai guɗa take yi.

Amma barci ya ƙi zuwa. Da muna waya na tambaye shi ina mai jifansu na farkon kakar wasa. Ya ce gwiwar hannunsa ta lalace, an yi masa aiki. Na biyun fa? Kafaɗa ta fara damunsa, sai suka yi musayarsa da ɗan wasan wani gari tun magana ba ta fita ba. Na san irin wannan ciniki. Na tsufa a kasuwar shanu ta Gamboru, na ga yadda ake gaggawar rabuwa da sa idan ya fara ɗingishi.

Na ce, "Kai ɗan nema, naka hannun lafiya?"

Ya yi dariya. "Tsoho, ka ji da gwiwoyinka. Ba ni matata mu gaisa."

Na miƙa wa Hajja wayar, ina leƙe ta bayanta. Hannunsa na dama da yake jifa da shi yana kan cinya, an lulluɓe shi da tawul, bai motsa ba har suka gama. Da zai kashe, da hagu ya ɗaga mana. Ban gaya wa Hajja ba. Tun tasowarsa Bukar bai taɓa gaida babba da hagu ba.