Wai Ba Su Ji Ƙofa Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ƙanena, Ɗan Zamani,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da amaryarmu da 'yan biyu. Allah Ya sa albarka a aikinka, Ya tsare ku a inda kuke, Ya dawo mana da ku muna da rai. Mu nan sai godiya. Na leƙa Mama jiya, gwiwar ta yi sauƙi, har tana zagaya gida ba sanda, amma da ta ji sallamar baƙo sai ta nemi sandar don a tausaya mata. Takwaranka ya fi ni tsawo yanzu, murya ta fashe, ci kuwa kamar ana zubawa a rami. 'Yata Lauya tana nan da gardamarta. Auta ta zubar da haƙoran gaba, amma bakin bai rage gudu ba. Maman yara, wadda kake kira Gwamnati, tana nan daram kan mulki.

Na san za ka ce me ya hana ni kiran waya. Na san halinka ne. Tun ban kai rabi ba za ka fara dariyar nan taka mai shaƙewa, ni kuma in ji haushi in kashe. Takarda ba ta katse mutum. Maganar injin ƙofar garejin nan ce da ka aiko mana, kuma ka karanta har ƙarshe kafin ka fara yabon kanka.

Ka dai tuna tsohon injin. In na danna rimot daga bakin titi sai ya fara gurnani, sarƙar ta ja ƙiii, ƙofar ta tashi tana rawa, ta tsaya a tsakiya ta yi tunani, sannan ta ƙarasa da wani gwaram mai sa kofuna kaɗawa a kicin. Kai da kanka da ka zo hutu ka toshe kunne, ka ce wannan abin kunya ne a gidan malami. To amma duk shekarun nan, kafin in ajiye mota in shigo ta ƙaramar ƙofar da ke ɓullowa lungun kicin, zan tarar da Maman yara tsaye da kofin ruwan sanyi, ɗankwali a ɗaure tsaf, tana yi min sannu da zuwa. Falo tsit, talabijin a kashe, yara a tebur kowa da littafinsa, takalma a jere, kujerata ba kowa a kai. Ni kuma, malamin ladabtarwa guda, sai in yi gyaran murya in wuce ina jin kaina. Har wa'azi nake yi wa sababbin angwaye a ɗakin malamai, ina ce musu gida tsari ne, in mutum ya iya riƙo, iyali da kansu suke ƙaguwa ya dawo. Wallahi da zuciya ɗaya na yarda matar nan tun la'asar take tsaye a lungun tana jirana.

Mai haɗawa ya zo ya cire tsohon ya ɗaura naka. Ya nuna min bel na roba ne a madadin sarƙa, shi ya sa ba ya ƙara, ya kuma sa min manhajar buɗe ƙofar a waya. Washegari ban bar kowa ya sha shayi lafiya a makaranta ba. Tebur-tebur na bi ina nuna wa malamai yadda nake buɗe ƙofar gidana in rufe daga inda nake tsaye. Malamin lissafi ya tambaye ni ta yaya na san ta buɗu tunda ba gani nake ba, na ce masa hassada ba ta da kyau.

Da yamma na taso, na taɓa waya, ƙofa ta zame sama sumul, ko kyanwar da ke barci kan buhun siminti ba ta ɗaga kai ba. Na shiga lungun kicin na miƙa hannu don karɓar kofi, sai na ga hannuna a iska. Ba kowa. Daga falo kuwa shewa nake ji kamar gidan kallon ƙwallo. Na leƙa ta labule. Ɗan Zamani, da ma ban leƙa ba! Auta na tsalle a kan kujerata da ƙafa biyu. Lauya ta kifa bokiti tana kiɗa. Takwaranka ya sa hulata ta fita, ya ɗora tsohon tabarauna a karan hanci, ya cusa filo cikin riga, yana taku da hannaye a baya, yana gyaran murya irin tawa sak, yana tambayar wa ya bar fitilar banɗaki a kunne, yana cewa a gidan nan akwai doka. Ita kuwa Gwamnati tana kwance a doguwar kujera, kai ba ɗankwali, kwanon gyaɗa a kan ciki, tana dariya har da hawaye, tana roƙonsa ya sake yin na fitilar.

Sai na yi gyaran murya. Ka san abin takaici? Ba wanda ya juyo. Sun zaci shi ne, har uwar ta ce wannan ya fi fita daidai. Sai da na yaye labulen gaba ɗaya. Lauya ta wawuri takarda ta hau karatu da ƙarfi, ashe takardar bayanin injin ce. Takwaranka ya cire hula ya miƙo min da hannu biyu, filon ya zame ya faɗo tsakaninmu. Maman yara ta miƙe tana lalubar ɗankwali, gyaɗa ta watse a ƙasa, ta ce min sannu da zuwa, wai ba su ji ƙofa ba.

Wannan magana ita ta hana ni sakat. Ko faɗa ban yi ba, abin da ya fi ba su tsoro ke nan. Zan gaya maka gaskiya tunda kai ƙanena ne, abin ya yi min ciwo ƙwarai. Wasan takwaranka bai dame ni ba, yaron ya iya, ni ma na ga kaina. Dariyar uwarsu ce ta tsaya min a rai. Rabona da jin ta tana irin wannan dariya tun muna gidan haya mai ɗaki ɗaya. Ashe dariyar tana nan, ƙarar ƙofata ce ke kashe ta tare da talabijin. Sai na shiga tambayar kaina: shin ana murna da dawowata a gidan nan, ko kuwa shiri kawai ake yi, irin yadda ɗalibai ke cusa riga cikin wando in sun hango ni?

Daga nan gida ya koma barikin soja. Suka sa Auta gadi a taga, amma ka san Auta, in ta hango ni sai ta ɗaga min hannu tana washe giɓi, ta manta me aka sa ta. Da suka ga gadin ba ya yi, sai yara suka koma zaman tebur tun daga dawowa makaranta, ba kiɗa ba dariya. Har makin takwaranka ya ƙaru, amma ko kaɗan ban ji daɗi ba. Shi ma maƙwabcinmu mai gyaran agogo, wanda ya yi shekaru yana ƙorafin ƙofata na tayar masa da ciwon kai, sai ga shi ya zo yana tambaya ko lafiya. Wai da ƙarar yake sanin lokacin rufe shago ya yi, yanzu kullum makara yake matarsa na yi masa faɗa. Mutum zaune cikin agogo sun fi a ƙirga, amma da ƙofata yake duba lokaci!

Wata rana na shigo na kashe mota na ƙi fita. Na ce bari in gani ko za a neme ni. Ina zaune cikin zafi tsakanin tsohon keken Auta da gwangwanayen fenti, sai wayata ta yi ƙit, ta sanar da ni an buɗe ƙofar gidana an rufe. Ka ji fa, ita kaɗai ta san na dawo. Na zauna har gumi ya jiƙe min riga, sauro suka gama da idon sawuna, na fito da ƙafata ba wanda ya kira ni. Da gari ya waye na buga wa mai haɗawa na ce a dawo min da tsohon injina. Ya ce ai ya ba masu sayen tsofaffin ƙarafa, wataƙila ma ya zama tukunya. Na ce to a sa wa sabon ƙara. Ya ce tunda ya fara sana'ar nan ba a taɓa kawo masa irin wannan aiki ba, sai dai in riƙa danna hon. Hon! Ni zan tsaya a ƙofar gidana ina roƙon maraba da hon kamar mai tasi?

Gwamnati ce ta tare ni ranar hutu da safe ina wanke mota, ta ce kumbure-kumburen nan ya isa haka. Ni kuwa na zazzage mata duk abin da ke cikina. Ta saurara har na gama, sannan ta ce ita ba aljana ba ce da za ta san dawowata ba tare da alama ba. Ta tambaye ni ko na taɓa ganin ƙofa ta sa kofi a firij, wai ita da kanta ke sa shi tun bayan azahar don ya yi irin sanyin da nake so, wanda ba ya kashe haƙori. Ta ce duk shekarun nan kunnenta ɗaya na kan talabijin ɗaya na kan ƙarar nan, in ƙarar ta makara sai gabanta ya fara faɗuwa tana tunanin manyan motocin hanya. Yanzu da na kawo mata bebiyar ƙofa, ƙafarta ta gaji da zuwa leƙen gareji ta ƙaramar taga. Ta ce ranar da na zauna a mota ta gan ni sarai ina marin sauro, ta bar ni ne in huce. Batun dariya kuwa, wai ba wanda ya hana ni, ni ne nake shigowa da fuskar makaranta ina ƙirga fitilu. Ta miƙo min wayarta ta ce in sa mata manhajar ƙofar.

Na sa mata, amma raina bai kwanta ba. Na ce a zuciyata an dai canza ƙarar ƙofa da ƙarar waya: ta yi ƙit, a kashe talabijin, a ɗauko kofi. Ka san abin ba ya sanarwa sai an riga an buɗe, to ina bambancin?

Ranar da aka koma aiki na taso a gajiye, na karyo kwanar layinmu daidai shagon mai agogo, ina lalubar waya a aljihu. Ban kai ga fito da ita ba sai na hango ƙofar garejin tana tashi ita kaɗai. Na taka burki na fara salati, na zaci injinka ne ya haukace. Da na ɗaga kai sai na ga labulen tagar falo a yaye, ga ta nan tsaye, waya a hannu, ɗankwali a karkace. Babu wata ƙara da ta gaya mata na iso. Hanya take kallo. Ɗan Zamani, ni da ɗalibai ke watsewa in sun ji takuna, sai da na zauna cikin mota na cire tabarau na goge ido kafin in iya fitowa.

Na shiga na tarar talabijin a kunne, Auta a kan kujerata, don uwar ta ce kada wanda ya motsa. Na karɓi kofina, na zauna a hannun kujera, na ce wa takwaranka ya je ya ɗauko hular. Ya ɗauko, ya sake kwaikwayona. Na gyara masa riƙon hannun, na kuma gaya masa filon ya yi yawa. Uwar ta ce a ƙara wani ma. Tun daga ranar ita ke buɗe min. Illa ɗaya ce, ranar da na ce gishiri ya yi yawa a miya, washegari ƙofa ta tashi rabi ta tsaya ta yi tunani kamar ta da, sai da na leƙo ta tagar mota na ba da haƙuri.

To na gode da injin, Allah Ya saka da alheri, amma kada ka sake aiko min da abin da ba ya magana sai ka tambaye ni. Ka gaida amaryarmu da kyau, kuma kada ka karanta mata wannan takarda, na san bakinsu ɗaya da Gwamnati. Ka shafa min kan 'yan biyu. Mama na gaishe ka, ta ce ka daina yi mata gajeren kira. Takwaranka da Lauya da Auta duk suna gaisuwa, har mai agogo ya ce a gaida mai laifin. A ɗakin malamai nake rubuta maka, ga shi an kusa tashi. Bari in tsaya haka nan, ba na son in bar ta tsaye a taga.

Wassalam.

Naka har kullum,
Yayanka