Noti Takwas a Cikin Bango

Goggo Fumie, ki taimake ni, abin nan ya hana ni sakat.

Ni kafinta ne a garin Numazu, shekara ashirin da biyu ina ƙarƙashin maigidana, Baba Tokuji. Bara muka gina gidan katako mai hawa uku. Kin san ƙarafan da ke ɗaure ginshiƙai da harsashin siminti, don kada girgizar ƙasa ko guguwa ta tumɓuke gida. Katako kan bushe ya tsuke, noti ya saki, shi ya sa ake sake bin su da sifana kafin a rufe bango. Baba ne ya koya mini haka, har da ranƙwashi.

To masu gidan sun duba kalanda sun tsayar da ranar sa'a ta tarewa, ruwan sama kuma ya ci mana kwana tara. Baba ya ce a rufe. Na ce saura noti takwas na kusurwoyi. Ya tambaye ni ko yau ni ne maigida. Na rufe, Goggo, da hannuna.

Abin takaicin, a allon sunayen magina da ake kafewa ƙarƙashin rufi ya sa an rubuta sunana, karo na farko. Har hawaye na yi ranar. Yanzu ya ajiye aiki yana ban-ruwan furanni, ni kuwa ko babbar mota ta wuce sai gabana ya faɗi. 'Ya'yan masu gidan biyu a hawa na uku suke kwana. In na yi magana na tona wa tsoho asiri. Na tsane shi, na fi tsanar kaina.

Kafinta Mai Sifana

Ɗana,

Haushinka yana da dalili. Baba Tokuji ya yi kuskure, ya ji kunyar masu gida fiye da tsoron girgizar ƙasa. Amma shi ya ba ka sanin da ke cin ranka yau, kada ka manta. Kai ma ka rufe, ka kuma yi shiru shekara guda.

Je ka same shi gobe, cikin ladabi. Sanar da shi za ka yi, ba izini za ka nema ba. Daga nan ka faɗa wa masu gidan gaskiya, ba tare da ka jingina laifin ga kowa ba. A kira injiniya, a buɗe kusurwoyin, ka ɗaure. Za su yi fushi, wataƙila su faɗa wa unguwa. Ka jure.

Sunanka na can sama da kan yaran nan biyu. Kada ka duba kalanda a wannan karon. Ina maka fatan sauƙi.

Goggo Fumie