Huɗu Kika Ce, Inna

Zuwa ga Inna, a makwancinki na bayan gari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Mu nan Garwa lafiya lau, sai kewarki.

Kwanan nan in na gyangyaɗa da azahar, rana ɗaya nake gani. Damina ce, Binuwai ya cika, jiragen ruwa sun iso suna busa ƙaho. Kina da cikin autanki, kin tafi awo asibitin haihuwa, ina biye da ke don ni ce na yi makaranta, ni nake jin Faransanci. Ɗakin fari fat, ga hoton shugaban ƙasa, ɗan garinmu, a bango yana kallon kowa.

Madam, ungozomar asibitin, ta buɗe wani ƙaton littafi tana tambaya, ina mayar miki da Hausa. Shekarunki nawa? Kika ce shekarar da fara ta cinye gero aka haife ki. Ta dube ki sama da ƙasa, ta rubuta abin da ranta ya ba ta. Sana'ar miji? Mahauci. Da kika hango ana ɗora jarirai a kan sikeli kuwa, taɓe baki kika yi, kika ce in Baba ya shigo nan zai ɗauka rumfarsa ce.

Sai ta tambayi haihuwarki nawa. Kika ce huɗu.

Inna, mu biyar ne. Na ƙirga da yatsu a ƙarƙashin mayafi, na ga huɗu ba ta cika sai an cire ni. Na jira ki gyara, kika zuba wa ƙasa ido. Da bakina na faɗa wa madam huɗu, ina kallo ta rubuta a littafi, ta rubuta a katinki.

Na san kunyar ɗan fari. Ba ki taɓa kiran sunana ba, kullum "ke", in kuma da baƙi a gida, "waccan". Amma ban zaci kunyar za ta bi ni har cikin littafin gwamnati ba. Abin ya yi min ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Na yi shekaru ina tambayar kaina ko a zuciyarki ma huɗun ne.

A hanyar gida kika tsaya a inuwar dalbejiya, kika ce in nuna miki inda ta rubuta 'ya'ya a katin. Na dangwala yatsa a wurin, fuskata a murtuke. Sai kika soke katin a zani.

Kin dai san inda Allah ya kai ni: littafin nan ni nake riƙe da shi yanzu. Duk ƙarshen shekara a tattara abin da muka rubuta a aika Yawunde, can su haɗa su ce ga yadda mata suke haihuwa a arewa. Wani lokaci sai in riƙa ganin mu, 'ya'yan farin da ba a rubuta ba, mun yi garinmu a tsallaken kogi, da kasuwarmu da mahautarmu, kowa yana yawo ba mai kiran sunan wani. Shi ya sa in mace ta faɗa min adadinta nakan rage murya in ce, "Har da babba?" In ta sunkuyar da kai, sai in ƙara ɗaya.

Bayan sadakar arba'in ɗinki Goggo ta miƙo min kwallar da kike ajiya a ciki. A ƙasan turare da tsofaffin ɗankunne na sami katin, a naɗe cikin ɗankwali. Kusa da huɗun madam, daidai inda na dangwala yatsa, akwai layi ɗaya da aka ja da tsinken kwalli. Ba sau ɗaya aka ja shi ba. Ya dushe an sabunta, ya dushe an sabunta, har takardar ta kusa hujewa.

Ke da ba ki taɓa riƙe alƙalami ba. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ɗauke ki.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya haskaka makwancinki, ya tara mu mu shida har da auta a gabanki ba ko ɗaya da ya ɓace.

Ni ce layin kwallin nan,
Hajara.