Tsagar Kakanmu

Akebe, Libreville

Gwaggo Hajara,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki? Ya Sani da iyalinsa? Mu nan lafiya lau, arzikin mai ya sa kasuwa tana ci.

Duk Juma'a bayan masallaci muna zama a shagon Malam Idi, wani tsohon wanzami mutumin Garwa, ana bin asalin gidaje. Ba a gardama, kowa ya faɗi abin da ya ji a bakin manya. Makon jiya aka zo kanmu. Wani ya ce kakanmu Bagobiri ne, wani ya ce anya kuwa. Sai Malam Idi ya ce, "Ɗana, nuna min tsagarsa a fuskarka, yanzu in gaya maka."

Na kai yatsa kunci, na tsaya. Mutumin da na yi wayo a cinyarsa, Gwaggo, amma na kasa tunawa. Ba wanda ya yi dariya. Aka miƙo min shayi na sha, na koma shago na ci gaba da awon shinkafa. Har yau ko baƙin ciki ban ji ba.

Don Allah ki kwatanta wa Sani tsagar kakan namu a tasa fuskar, ya zana ya aiko min. Ke kaɗai kika rage da kika san fuskar nan.

A gaida kowa, a sa mu a addu'a.

Ɗanki,
Habu