Hannun Orval da Ƙasan Tafki

Mobridge, watan Yuni

Aminiyata Ardis,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da Vern, kuma gwiwar nan ta bar ki kin sarara. Yaya zafin Arizona? Ke kika zaɓa, ba zan tausaya miki ba.

Kin tambayi jikin mutumin naki Orval. Jiki kam garau, kan ne ke ta tsiyaya. Ya kunna murhu ya fita neman karenmu da muka binne tun kafin ku tashi daga unguwa. 'Yarmu Janelle ta zo daga Bismarck da albishir ɗinta, wai an samar masa ɗaki a gidan kula da tsofaffi. Kin san halina, na wanke ta tas. Da muka huce na yanka mata sharaɗi: muddin hannun ubanta ya san ƙasan tafkin Oahe, ba inda za shi. Ranar da ya daina ji, ni da bakina zan kira ta.

Ta ɗauka gigin tsufa ya kama ni ni ma, amma ke za ki gane, tunda tare ya koya mana kamun kifi har ya sa ki kuka. A saki wayar nan mai dalma sai ta taɓa ƙasa, jirgin ruwa na tafiya kamar tsohuwa za ta coci, zare a karkace, ƙafar wayar na buga tsakuwa ƙas-ƙas, tsutsa na biye a baya. A saki da yawa ta kwanta ta maƙale, a rage ta yi ta lilo a tsakiyar ruwa, kifin walai kuwa ba ya tasowa don kowa. Ido ba ya ganin komai, duk a hannu yake. Mutumin da ke jin wannan bai tafi ba tukuna.

Yanzu ni ke tuƙi. Ran Talata ya ciro manya biyu, ya kuma harare ni ya ce, "Rage wuta mana, Marlys, wa ya biyo ki?" Da sunana ya kira ni, Ardis. Ban taɓa jin daɗin faɗansa kamar ranar ba.

Ki gaida Vern. Taki har kullum,
Marlys

Mobridge, watan Agusta

Ƙawata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga saƙonki, na gode da addu'a. Allah ya ƙara wa Vern sauƙi, ki ce masa ya bi maganar likita ko sau ɗaya a rayuwarsa.

A nan abin sai a hankali. Zafi ya kora kifi zurfi. Orval ya daina iya soka tsutsa a ƙugiya, ni nake yi, ni da na yi shekara da shekaru ina ƙyamarta. Wani lokaci yakan manta ya yi ta sakin zare har wayar ta kwanta ta cije a dutse. Mun bar wa tafkin nan dalmar da za ta ƙera tukunya. Rannan na zame a gangaren da ake saukar da jirgi, na daɗe a zaune cikin ruwa, shi kuma yana tsaye yana kallona kamar yana jiran a zo a taimaki wata. Ban gaya wa Janelle ba, ke ma ki kama bakinki.

Amma hannun na nan. Na ga lokacin da kifi ya ɗauka: ya sunkuyar da sandar baya, ya ba shi ya haɗiye, sannan ya ɗaga a tsanake, sak yadda ya saba. Da na sa kifin a raga sai ya tambaya na wane ne. Muna komawa ya dube ni da ladabi irin na baƙo ya ce, "Baiwar Allah, kin iya tuƙi. Wa ya koya miki?"

Na ce, "Wani mafaɗaci ne."

Ya yi dariya ya ce lallai mutumin ya san aikinsa. Ni ma na yi dariya, sai da na shiga mota na yi kukana.

Duk Lahadi Janelle takan kira bayan coci, in ce mata hannunsa yana jin ƙasan. Ba ƙarya nake yi ba. Sai dai na gaji, Ardis, gajiyar da barci ba ya ɗauke ta, kuma ina tsoron kowace fita kamar ranar hukunci.

Ki ci gaba da sa mu a addu'a. Taki,
Marlys

Mobridge, watan Oktoba

Ardis 'yar'uwata,

Ina gaishe ki, ina gaida Vern, da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Ki yafe mini shirun da na yi.

Ran Alhamis muka fita. Sanyi ya shigo, jirage duk an kwashe, mu kaɗai ne a ruwa. Na kai shi bakin tsohon kwarin kogi, inda zurfi ya kai ƙafa talatin. Na sa masa tsutsa, na miƙa masa sanda. Ya saki zare ɗan kaɗan ya tsaya. Da na leƙa sai na hango ɗan cokalin ƙarfen da ke gaban tsutsar yana walƙiya a ƙarƙashin jirgi, ko rabin hanya bai kai ba.

Na ce ya ƙara saki. Ya ce kada in koya masa aikinsa, ai ga ta nan tana bugawa, tsakuwa ce mai kyau, yanzu kifaye za su zo. Fuskarsa cike da murna. Kan sandar kuwa da gaske yana rawa ƙas-ƙas. Na matsa na ɗora hannuna a kan nasa don in tabbatar. Babu ƙasa, Ardis. Makyarkyatar hannunsa ce yake ji.

Ya ce, "Kin ji, ko?"

Na ce, "Na ji."

Na koma kujerata na yi ta zagawa da shi a hankali har la'asar, yana jan wayarsa a tsakiyar ruwa. Ban taɓa tuƙi mai kyau kamar na ranar ba, ko sau ɗaya bai ce in rage wuta ba.

Na cika alkawari, na kira Janelle. Ba ta ce ai ta faɗa ba, Allah ya yi mata albarka. Ran Litinin za ta zo da mota ta kai shi gidan tsofaffin. Maƙwabci ya taya ni rufe jirgin, ya tambaya ko na sayarwa ne, na ce ya ba ni lokaci. Kada ki rubuto ki ce na yi daidai. Na sani, kuma sanin bai rage mini komai ba.

Ɗazu ina ninke masa riguna ya shigo ya ce in riƙe wurin tsakuwar nan da kyau a kaina, shi kansa ba shi da tabbas yanzu, idan ƙanƙarar da ke rufe tafkin da hunturu ta narke can za mu fara komawa. Na ce masa ba zan manta ba.

Ki huta lafiya. Taki,
Marlys