Shaidar Kawu Bala a Shari'ar Ragonmu

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Yaya iyali? Mu nan Jega lafiya lau.

An shiga shari'ar ragonmu da aka sace. Kawu Bala ya tashi ba da shaida a kan wanda ake zargi, alƙali ya ce, "Ka gani da idonka?"

Ya ce, "Allah gafarta Malam, Ɗanjuma mahauci ya gaya mini."

"Ina Ɗanjuman?"

"Ya tafi ci-rani. Amma shi ma a bakin matarsa ya ji, kuma ba ta ƙarya."

Kowa ya tuntsire da dariya. Alƙali ya ce ba ya ɗaure mutum da "an ce", ya ɗage zama. Kawu ya garzaya wurin matar, ta ce ita ma a gidan biki ta ji.

A sa mu a addu'a, Sallah ta matso. Gai da yara.

Ƙaninka,
Umaru